Gyaran tsohon otel na tubali a Sabon Gari

Malam, ka tambaya ko za ka shafe bangon tsohon otel ɗin nan da siminti. Don Allah kar ka yi, tunda ginin ƙasa ne. Siminti ba ya kama ƙasa. Danshi zai taru a bayansa, kafin ka ankara ya ɓamɓaro har da bangon.

Fara daga rufin soro. Gyara indararo tukuna, domin yoyo ke jiƙa azara har gara ta samu shiga. Ƙwanƙwasa kowace azara, wadda ta rube a sauya ta. Tsaga kuwa a buɗe ta, a jiƙa, a cusa ƙasar da aka kwaɓa da ciyawa ta kwana uku, sannan a yaɓe da makuba, wato yaɓen da ake haɗawa da ɓawon ɗorawa.

Da rani za a yi, kuma ka nemo maginan cikin Birni.