Ba da Harry Potter Maggie Smith ta fara ba

Malam, ka tambaya ko tsohuwar da ta fito a matsayin Farfesa McGonagall da fim ɗin Harry Potter ta shigo harkar. Ina! Lokacin da fim na farko ya fito a 2001, ta kusa shekara hamsin tana wannan sana'a.

An haife ta a Ilford, Ingila, a 1934, ta fara wasan dandamali a Oxford a 1952. Fim ɗin Othello na 1965, inda ta fito tare da Laurence Olivier, shi ya fara kai sunanta jerin masu neman Oscar. Ta ci kyautar har sau biyu: a 1970 da The Prime of Miss Jean Brodie, sai a 1979 da California Suite. A 1990 Sarauniya ta ba ta lambar girma ta Dame.

Ni dai shirin talabijin na Downton Abbey ne ya fi burge ni. A cikinsa dattijuwa ce mai bakin reza, kalma ɗaya za ta jefa ɗaki ya yi tsit. Kyautar talabijin ta Emmy uku ta samu da shi. Kuma ka sani, tana jinyar sankarar mama aka ɗauki Harry Potter na shida, amma ba ta ajiye aiki ba.

Ta rasu a Landan ranar 27 ga Satumba, 2024, tana da shekara 89.