Za mu hau Kinder Scout ranar Asabar, da gaske akwai hatsari?

Tambaya: Salamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a Manchesta, abokaina sun shirya mu je hawan Kinder Scout, wani tsauni a yankin Peak District na Ingila, ranar Asabar, mu tafi da safe mu dawo da yamma. Mam Tor kawai na taɓa hawa, wani tsauni kusa da shi da bai kai shi tsayi ba. Wani ya ce min an sha mutuwa a wajen, hankalina ya tashi, su kuma abokan sai dariya suke min wai tsaunin Ingila ai tudu ne, kuma yanzu ba dusar ƙanƙara. Don Allah wa ke da gaskiya?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka je abinka, wuri ne mai kyau sosai, jirgin ƙasa zai sauke ku a ƙauyen Edale, ku bi ta hanyar matakalar duwatsu da ake kira Jacob's Ladder ku hau. In iska ta yi ƙarfi har za ku ga ruwan Kinder Downfall, wato ruwan da ke zubowa daga bakin tsaunin, yana komawa sama maimakon ya zubo ƙasa.

Amma maganar abokanka ce ke ɗaga min hankali, don kullum sai na ji ta. Wai ba dusar ƙanƙara saboda haka ba matsala. Wa ya gaya musu ƙanƙara ce ke kisa? Eh, tsayin Kinder mita 636 ne kacal, ba wanda ya musa, amma samansa fili ne shimfiɗaɗɗe, ba bishiya ba rumfa, ƙasar baƙar laka ce mai haɗiye ƙafa, in hazo ya sauko ko'ina iri ɗaya ne. Duk mita 150 da ka hau zafi na raguwa da kusan digiri 1, sai yayyafi ya jiƙa ka, sai iska ta biyo baya. Ka san yadda randa ke sanyaya ruwa in iska na bugun jikinta? To haka jiƙaƙƙiyar rigar auduga da wandon jins ke yi wa mutum, suna zuƙe masa ɗumin jiki a hankali bai sani ba, da zarar zafin cikinsa ya yi ƙasa da digiri 35 an shiga matsala, kuma wannan na faruwa ko a watan Yuli.

A watan Maris na 1964 samari uku 'yan sikawut suka rasu a gasar tafiya ta Four Inns a wannan yankin na Peak District, ruwan sama da iska ne suka kama su, kuma ba ragwaye ba ne, majiya ƙarfi ne.

Abin haushin, wanda sanyin ya kama shi ne na ƙarshen sani. Zai fara rawar ɗari, sai tuntuɓe, sai ya kasa jan zif ɗin rigarsa, sai faɗa ba dalili yana cewa shi lafiyarsa ƙalau a ƙyale shi. In rawar ɗarin ta tsaya alhali bai ɗumama ba, to abin ya ƙara lalacewa ne. Nan kuma likitocin TikTok za su ce a murza masa hannu da ƙafa, a shafa man zafi, a sa shi gudu. Kar ka kuskura! Ku kai shi inda iska ba ta bugu, ku zaunar da shi kan jaka kada jikinsa ya taɓa ƙasa, a sauya masa busassun kaya, a rufe kansa, in yana cikin hayyacinsa a ba shi shayi mai ɗumi da sukari. Sannan ku kira 999 ku nemi 'yan sanda, ku ce masu ceto na tsauni kuke so. Masu ceton 'yan sa kai ne, ba sa karɓar ko sisi, kuma ba ruwansu da bizarka, saboda haka a daina wannan jan ƙafar na tsoron kira har dare ya yi.

Kafin Asabar ka duba hasashen yanayin tsauni na Met Office, hukumar yanayi ta Birtaniya, na cikin gari ba zai maka amfani ba. Ka ɗauki rigar ruwa da wandonta, rigar ulu a leda, hula, tocila, dabino, da taswirar yankin ta takarda mai lamba OL1 da kamfas, don sanyi na cinye cajin waya. Duk wanda ya zo tasha da jins da kambas, ku canza shiri ku koma Mam Tor, shi ma ɗin in dai gari ya yi kyau.