Fijon Baba: Yadda Za Ka Tsare Ta, da Abin Yi Idan An Ɗauke Ta

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya jiƙan Baba, ya sa Aljanna ce makoma. Ka ce ya bar maka Fijo 504 haɗin Kaduna, ka kashe mata kuɗi ta dawo fes, yanzu kuma an ɗauke motar maƙwabcinku hankalinka ya tashi, kana tambayar tiraka (na'urar da ke nuna inda mota take) za ka sa ko ƙarfen kulle sitiyari, da kuma inda mutum zai fara idan ƙaddara ta faɗa. Na daɗe ina riƙe da irin waɗannan motoci, Fijo da tsohuwar Marsandi, na kuma raka 'yan'uwa neman motocinsu, wata an dace wata ba a dace ba. Ga abin da na gani.

Ka fara sanin wanda kake tsoro. Mai satar Corolla ko Hilux mota yake so a dunƙule: a sauya mata lamba da takardu, ko a tsallaka iyaka da ita. 504 mai kyau kuwa ba ta ɓuya. Tun 1968 aka fara ƙera ta a Faransa, kamfanin PAN, mai haɗa Fijo a Najeriya, ya fara haɗa motoci a Kakuri, Kaduna, a 1975, kuma an yi shekaru da dama rabon da sabuwa ta fito. Yau idan mai tsabta ta wuce a titi, kowa sai ya juya ya kalla. Saboda haka wanda ya ɗauke ta ba yawo zai yi da ita ba, yanka ta zai yi. Inji gefe, giyabos gefe, fitilu, gilasai, bamba, madubai, dashbod, kowanne da mai nemansa, domin na asali sun yi wuya. Gangar jikin kuma a sare ta a auna a kilo. Aikin da ka yi wata da watanni kana yi, ma'aikata uku za su warware shi kafin gari ya waye sau biyu. Duk shawarar da zan ba ka daga nan take tasowa.

Kuma da ɗan gari kan ci gari. Wanda ya san darajar fitilar 504 ta asali, ya san inda kake ajiye motar, ya san ba ka taɓa ta sai Juma'a, ba baƙo ba ne daga wata jiha. Ba ina cewa ka zargi bakanikenka ba. Mafi yawansu masu amana ne, kuma su ne za su fi taimaka maka ranar nema. Amma gareji wuri ne na shige da fice. Kada makulli ya kwana a can, kada ka ba da shi haɗe da na gida, domin yanka makulli aikin 'yan mintuna ne. Hotunan da kake sawa a Facebook ma, ka rufe lamba, kada ƙofar gidanku ko sunan layinku ya fito a baya.

Makullin kamfani da ke jikinta, ka ɗauka babu shi. Bayan shekara talatin ko arba'in ana zura ƙarfe ana murɗawa, haƙoran ciki sun cinye, makullin wata Fijon ma yana iya buɗe ta. Motocin zamani suna da na'urar da ke hana inji tashi sai ta gane makullinta, wadda ƙasashe irin su Jamus da Birtaniya suka wajabta wa sababbin motoci tun 1998. Taka ba ta da komai irin wannan. Amma sauƙin nata yana da amfani: duk abin da ke tayar da ita a fili yake, kana iya katse shi da hannunka.

Abin da na fi yarda da shi shi ne ɓoyayyen makunni a layin kwayil, wato abin da ke ƙara ƙarfin wutar da ke kunna inji. Ka sami mai wayarin da ka amince da shi, ba a garejin da ka saba ba, ku yi aikin ku biyu. Ka ce masa ya sa shi a ɓangaren da ke zuwa distributa (mai raba wuta ga fulogogi), yadda idan ka kashe zai saukar da wutar a jikin mota. Dalili kuwa, idan waya mai kawo wuta daga makulli kawai aka katse, wanda ya iya aiki zai buɗe bonet ya jawo wata daga batir. Amma idan aka yi yadda na ce, sitata za ta yi ta juyawa inji ba zai kama ba, shi kuma zai ɗauka halin tsohuwar mota ne. Kada a sa makunnin a ƙarƙashin sitiyari, nan hannun ɓarawo ke fara lalubawa. Wayar ma ta zama baƙa, a naɗe ta cikin tsofaffin wayoyi. Na sha ganin an yi aiki mai kyau sannan an bar jar waya sabuwa fil tana nuna hanya har bakin makunnin.

Na biyu, famfon rufe mai a layin da ya taso daga tanki. Abin da ke tura mai a 504 mai kafireta inji ne ke juya shi, ba lantarki ba, don haka makunni ba ya kashe shi. Sai dai ka rufe hanyar man. Ɗan abin da ya rage a kafireta zai tayar da ita ta yi 'yar tafiya, sannan ta mutu a tsakiyar titi, inda ɓarawo ba zai tsaya bincike ba. A ɗaura shi da kyau, nesa da salansa, kada garin tsoron sata a jawo gobara. Masu tsohuwar Marsandi mai gas, irin 200D da 240D, wannan ne ma babban makaminku, don injinku ba ruwansa da kwayil, idan ya tashi ba ya neman wuta.

Idan za ta yi kwanaki a ajiye, buɗe hular distributa ka zare rota, ɗan abin da ke juyawa a ciki, ka shiga da ita ɗaki. Tsohuwar dabara ce. A 1940, lokacin yaƙin duniya na biyu, gwamnatin Birtaniya ta wajabta wa masu mota su nakasa motarsu idan za su bar ta, kuma cire rota shi ne abin da aka fi yi. Sai dai rotar 504 ba ta da tsada, wanda ya zo da shiri zai iya tahowa da tasa a aljihu. Shi ya sa bonet ma yake son ƙaramar sarƙa da kwaɗo daga ciki.

Ƙarfen sitiyari ka saya, amma ka san iyakarsa. Amfaninsa a ido yake, mai wucewa ya gani ya nemi wadda ta fi sauƙi. Mai zarto ba ƙarfen zai yanka ba, sitiyarin zai yanka. Na fi son wanda mai walda zai haɗa maka da ke kulle kuloci da birki, ko wanda ke riƙe giya a ribas.

Duk wannan bai hana a ja ta. Motar janwe da mutum biyu sanye da kayan aiki, da rana tsaka, ba wanda zai tambaye su, don kowa ya saba ganin ana jan tsohuwar mota. Maganinsa wurin ajiya. A cikin gida, ta fuskanci bango, tayoyin gaba a murɗe gefe guda, a giya, wata motar a bayanta. In da hali a binne ƙarfe a siminti a ɗaure ta da sarƙa ta ƙasa. Ka kuma gaya wa mai gadin layi da mai shayin bakin titi da maƙwabta magana ɗaya: duk wanda ya zo ɗaukar motar nan, ko ya ce ni na aiko shi, a kira ni. Wuraren da na fi jin an yi asara su ne masallacin Juma'a, wurin ɗaurin aure, bakin asibiti da kasuwa, inda kowa ya san mai mota zai jima.

Tiraka kuwa, sa. Amma ba ta hana sata, nema take taimakawa. Layin waya ne a cikinta. Idan kuɗi ya ƙare ko aka rufe layin, ka ɗauki gawa kana yawo da ita. Ka riƙa gwada ta lokaci-lokaci. Ta zama mai batirin kanta, don abu na farko da za a yi shi ne cire kan batir. Motar da ke daɗewa a ajiye kuma tiraka na iya shanye mata batir, ka lura. Tsohuwar mota ba ta da maɓoya da yawa kamar ta zamani, saboda haka wanda ke da hali ya sa biyu, ɗaya inda za a iya gani a cire a saki jiki, ɗaya a wuri mai wuyar kai hannu, amma ba cikin rufaffen ƙarfe ba. AirTag, 'yar na'urar gano kaya ta kamfanin Apple, ƙari ce kawai: tana dogara da wayoyin iPhone da ke kusa, wanda a ƙauye ba su da yawa, kuma tana iya sanar da wayar ɓarawon cewa wani abu na bin sa.

Yanzu ga inda nake son ka fi ba da ƙarfi, don nan mutanenmu suka fi sakaci. Aikin gano mota tun kafin a sace ta ake yinsa. Yau ɗin nan, ka sa bakanike ya nuna maka lambar shasi, ta kan farantin da ke ɗakin inji da wadda aka buga a jikin ƙarfe, da lambar inji. Ka goge, ka ɗauki hoto, ka rubuta a takarda. Tsarin lamba mai harafi 17 sai wajen 1981 ya zama gama-gari, don haka kada ka yi mamaki idan taka gajera ce. Ka tabbatar dai abin da ke jikin mota shi ne ke cikin takardu, harafi da harafi. Idan Baba ya taɓa sauya inji, kamar yadda aka yi wa yawancin 504, a gyara takarda. Sunan da ke takardun ma a mayar da shi naka, da shaidar rabon gado a haɗe. Na ga mutum tsaye gaban motar mahaifinsa a harabar ofishin 'yan sanda, kowa ya san tasu ce, amma ya yi makonni yana zirga-zirga saboda takarda ba ta san shi ba. Takardun asali su zauna a gida, kwafi ne ke bin mota.

Sannan ka yi wa sassanta alama. Lambobi huɗu na ƙarshen shasi, a buga ko a zana su a bayan fitilu, cikin bamba, jikin kafireta, giyabos, lagireto, ƙarƙashin kujeru, kusurwar kowane gilashi. Ka ɗauki hoton kowace alama, har da tabo da waldar da kai kaɗai ka sani. Idan an yanka motar, wannan ce kaɗai hujjar da za ka ɗaga fitila a shago ka ce tawa ce.

Inshorar da yawancinmu ke yi, ta naira 15,000 tun 2023, ɓarnar da ka yi wa wani take biya, ba sata ba. Idan kana son kariyar sata sai cikakkiya, akwai kuma kamfanonin takaful ga mai gudun shubuha. Ka nemi a rubuta darajar da kuka amince a kai, da rasitan gyara, in ba haka ba kuɗin tsohon ƙarfe za a lissafa maka.

Idan kuma abin ya faru, Allah ya kiyaye, kada ka ɓata sa'o'in farko kana zagaye unguwa. Kai tsaye ofishin 'yan sanda mafi kusa da inda aka ɗauke ta, da lambobinka da hotuna. A shigar da rahoto a rubuce, ka karɓi takardar shaidarsa, ka roƙi DPO a aika sanarwa ga masu sintiri da shingayen hanya nan take. A sa ta cikin jerin motocin sata na CMR, wato rajistar motoci ta 'yan sanda, a kuma kai rahoto ofishin hukumar kiyaye haɗurra, don tsarinsu na rajista ya kama lambar shasin idan wani ya zo neman sabuwar lamba. Idan garinku na kusa da iyaka, kamar Jibiya, Maigatari, Kongolam ko Illela, a sanar da jami'an wurin, a kuma nemi 'yan sanda su miƙa ta ga ofishin Interpol na Abuja, wanda ke shigar da motocin sata cikin kundin da ƙasashe ke dubawa.

A daidai wannan lokaci wani ɗan'uwanka ya kama hanyar kasuwannin kayan mota: Ƙofar Ruwa idan a Kano kake, Panteka idan Kaduna. Ba da zargi za a je ba. Shugabannin kasuwa za a samu, a gaishe su, a ba su hoto da jerin alamomi. Masu sayar da kayan Fijo ba su da yawa yanzu, sun san juna, kuma ba wanda ke son kayan sata su jawo masa ɗauri. Haka shugabannin ƙungiyar makanikai, masu motar janwe, 'yan gwangwan da direbobin tasha. A ba da cigiya a rediyo. A bi shagunan layi masu kyamara a ranar, don yawancinsu hoton ba ya daɗewa yake gogewa.

Da ka sa lambar wayarka a cigiya, 'yan damfara za su kira: mun ga motarka a wuri kaza, turo kuɗin mai. Shi ya sa za ka ɓoye alama ɗaya ko biyu ba ka faɗa wa kowa ba. Wanda ya ce motar na gabansa, ya gaya maka abin da ke jikinta, ko ya turo hoto. Idan tiraka ta nuna wuri, ka ba 'yan sanda, kada ka tara matasa ku tafi. Ka iya tarar da masu makami, ka iya kuma jawo a kashe wanda tsautsayi ne kawai ya sa ya sayi kaya bai sani ba.

Ranar da aka gano ta, kada ka yi gaggawar shiga ka tayar. A ɗauki hotonta yadda aka same ta, a rubuta abin da ya ɓace a gaban jami'i. Za a riƙe ta a matsayin shaida, amma kana iya rubuta takardar neman a sake maka ita bisa sharaɗin kawo ta duk ranar da kotu ta nema. Ka matsa a kan wannan, don rana da ruwan sama a harabar ofis suna cin mota. Ka tabbatar an cire ta daga duk jerin da ka sa ta, kada wata rana a tare ka a hanyar Zariya da motarka ta halak. Kafin ta sake kwana a gida kuma, a sauya duk makullanta, a sauya wurin makunnin.