Amsa ga ɗan'uwan da Docker ke goge wa bayanai yana kuma cinye masa data

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka ce duk lokacin da ka rufe kwantena, wato keɓaɓɓen akwatin da Docker ke gudanar da manhaja a cikinsa, ka sake tayar da ita sai ka tarar da rumbun bayananka na Postgres wayam, ga data tana tafiya kamar ana zuba ruwa a kwando, ga kwamfutarka mai RAM 8GB tana ta nishi. Duka ukun na sha su, shi ya sa na kasa wucewa ban ce komai ba.

Maganar gogewar ta fi ci mini rai. Kwantena ba wurin ajiya ba ce, an gina ta ne don a rushe a sake ginawa. Idan ka buga `docker compose down`, ana cire kwantenar gaba ɗaya, kuma in ba ka ba ma'ajiyar bayanan suna a ƙarƙashin `volumes` ba, sabuwar da za ta tashi ba za ta san inda tsohuwar ta ajiye kayanta ba. Rubuta `pgdata:/var/lib/postgresql/data` a cikin `compose.yaml`, fayil ɗin da ke tsara kwantenoninka, ka kuma ambaci `pgdata` a ƙasan fayil ɗin. Sannan don Allah ka kiyayi ƙara `-v` a kan `down`, domin yana goge har ma'ajiyar bayanan. Wani dare na zauna wajen awa uku ina shigar da sunayen ɗaliban gwaji a wata manhajar makaranta, aji bayan aji, barci na fizgata, na buga `down -v` da nufin share tarkace. Na buɗe teburin na ga babu ko layi ɗaya. Tun daga ranar nake ajiye fayil ɗin da ke zuba bayanan gwaji da kansa.

Kada kuma ka rubuta `postgres:latest`. Ka kafe lamba, kamar `postgres:16`, domin sabon babban zubi ba ya karɓar ma'ajiyar da tsohon ya rubuta, ranar da `latest` ya sauya zuwa sabon zubi sai kawai Postgres ya ƙi tashi.

Data kuwa, ina kyautata zaton a Dockerfile, fayil ɗin umarnin gina kwantenar, take zubewa. Idan `COPY . .` ya zo kafin `npm install`, ko waƙafi ɗaya ka canja a aikinka sai Docker ya sake sauko da komai daga intanet. Fara kwafe `package.json` da `package-lock.json`, ka yi `npm ci`, sannan ka kwafi sauran. Saka `node_modules` da `.git` cikin `.dockerignore`, jerin abubuwan da Docker ba zai kwafa ba. Kuma in abokin aikinka ya riga ya sauko da image ɗin da kake buƙata, wato kunshin da ake tayar da kwantena daga gare shi, babu dalilin biyan kuɗin data sau biyu: ya yi `docker save` ya zuba maka a filasha, kai ka yi `docker load`. Haka muke yi da yaran da nake koya wa.

Batun nauyi, shawarata ka bar Postgres kaɗai a kwantena, manhajar ka gudanar da ita kai tsaye a kwamfutarka tukuna. In Windows kake da WSL 2, wato tsarin da ke gudanar da Linux a cikin Windows, ka mayar da aikin ɓangaren Linux, domin ajiye shi a `/mnt/c`, wato ɓangaren Windows, na jawo jan ƙafa sosai.

Turo mana `compose.yaml` ɗinka a nan, amma ka goge kalmar sirri kafin ka turo, mu duba tare in sha Allah.