Yaya Aka Tabbatar Cewa Lamba Mai Alƙaluma Miliyan 41 Ba Ta Rabuwa?

Tambaya: Malam, na ji an gano wata lamba mai alƙaluma sama da miliyan 41, wai babu lambar da ke raba ta ba saura sai 1 da ita kanta. Yaya aka tabbatar? Bin lambobi aka yi ɗaya bayan ɗaya ana gwadawa?

Amsa: Ɗan'uwa, da haka ake yi, ko an haɗa kwamfutocin duniya kaf ba za a ga ƙarshen aikin ba.

Lambar da ka ji, Luke Durant ne ya gano ta a watan Oktoba na 2024, ƙarƙashin shirin GIMPS, wato haɗin gwiwar 'yan sa-kai masu neman irin waɗannan manyan lambobi da kwamfutocinsu, kuma alƙalumanta 41,024,320 ne. Yadda ake samunta: a jera 2 har sau 136,279,841 ana ninkawa, sannan a cire 1. Masu wannan siffa ana kiransu lambobin Mersenne, da sunan wani malamin Faransa na ƙarni na 17. Wannan ita ce ta 52 a cikinsu da aka gano ba ta rabuwa.

Sharaɗin farko, dole yawan biyun da aka jera shi ma ya zama lamba mara rabuwa. Amma hakan bai wadatar ba. Jera 2 sau 11 ka cire 1, za ka samu 2047, wadda 23 sau 89 ce.

Abin da ke raba gardama shi ne gwajin wasu masana lissafi biyu, Lucas da Lehmer, kuma ni a ganina yana cikin mafi kyawun dabaru a ilimin lissafi. Ɗauki biro mu gwada da 31, wato 2 sau biyar a jere (32) ban da 1. Ka fara da 4. Ka ninka ta da kanta, ka cire 2: 14. Maimaita: 14 sau 14, cire 2, 194 ke nan. Raba da 31, ka riƙe saura kawai, wato 8. Sake yi: 64 ban da 2, 62. Raba da 31, saura sifili. Ƙa'idar ita ce a yi matakai da suka gaza yawan biyun da 2, a nan uku ke nan. In aka ƙare da sifili, lambar ba ta rabuwa. In ba haka ba, tana rabuwa. Babu wataƙila a ciki, hujja ce tabbatacciya.

Abin da aka yi wa babbar lambar ke nan, matakai 136,279,839 maimakon uku. Ka lura, gwajin ba ya neman lambar da ke rabawa ko kaɗan. Shi ya sa akwai lambobin Mersenne da aka san suna rabuwa alhali ba a san masu raba su ba.

Tun kafin zuwan kwamfuta, a 1876, Lucas ya yi amfani da asalin wannan dabara da hannunsa, ya tabbatar da wata mai alƙaluma 39: 2 a jere sau 127, ban da 1.