Shin Jamus na da makaman nukiliya?

Tambaya: Malam, na ji ana cewa akwai bama-baman nukiliya a Jamus, alhali kuma an ce ba ta cikin ƙasashen da suka mallaki wannan makami. Yaya abin yake?

Amsa: Duka biyun gaskiya ne, ɗan'uwa. Bama-baman suna ƙasar Jamus, amma na Amurka ne.

A yammacin ƙasar, kusa da garin Cochem, akwai sansanin sojin sama na Büchel. Masana harkar makamai sun kiyasta cewa ana ajiye da bama-bamai ƙirar B61 tsakanin 10 zuwa 20 a wurin, ko da yake gwamnatocin biyu ba sa cewa i, ba sa cewa a'a. Ba a wani ƙaton sito aka jibge su ba. A ƙarƙashin daɓen rumfunan kankare da jiragen yaƙi ke kwana aka gina ma'ajiyai na ƙarfe masu nitsewa cikin ƙasa, sai an buƙata a ɗago su. Sojojin Amurka ne ke riƙe da su, lambobin sirrin da ke kunna bam ɗin ma suna hannunsu, kuma babu mai taɓa su sai shugaban Amurka ya ba da izini. Jamus kuwa jirgi take bayarwa da matuƙi, jiragen Tornado na runduna ta 33. Doki naka, takobi na wani.

Wannan shi ne tsarin rabon nukiliya na ƙungiyar NATO. Haka yake a Beljiyam da Holan da Italiya, a Turkiyya ma akwai ajiyar Amurka a sansanin Incirlik. Kowace shekara a watan Oktoba matuƙa kan yi atisayen Steadfast Noon, ba tare da bam na gaske ba.

Inda gizo ke saƙa shi ne yarjejeniyar hana yaɗuwar makaman nukiliya ta 1968, wadda ta hana mai makamin miƙa shi ga wanda ba shi da shi, ta kuma hana wancan karɓa. Amurka ta ce ba a karya ta ba, tunda iko na hannunta muddin ana zaman lafiya, sai yaƙi ya ɓarke za a ɗora bam a jirgin Jamus. Wannan hujja ba ta kwanta mini ba. Ina amfanin alƙawarin da zai warware a ranar da aka fi buƙatarsa? Ga shi Rasha ta kafa hujja da tsarin NATO lokacin da ta sanar da kai nata makaman Belarus a 2023.

Jamusawa su ma kansu a rabe yake. A 2010 majalisar dokokinsu ta Bundestag ta nemi a kwashe bama-baman, ba a kwashe ba. Da Rasha ta afka wa Yukren a 2022, sai gwamnatin Olaf Scholz ta yanke shawarar sayen jiragen F-35 guda 35 don su gaji Tornado, kuma a Büchel za a ajiye su.