Ku Tambayi Likita: Fiya-fiya, Iskar Guba, Tankar Mai da Ƙarfen Gwangwan

Salamu alaikum Likita. Ɗan maƙwabciyata mai shekara uku ya sha fiya-fiya da aka zuba a gorar lemo. Muka ɗura masa manja da madara har ya yi amai, amma da muka je asibiti sai aka rufe mu da faɗa. Ashe manja ba makarin guba ba ne? Wata uwa daga Zariya.

Wa alaikumus salam Hajiya, Allah Ya ba yaro lafiya. Faɗan yana kan hanya. Manja ba ya karya wannan guba, madara ma haka. Fiya-fiya da Sniper da magungunan feshin gona da dama dangi ɗaya ne, aikinsu shi ne rikita saƙon da jijiyoyi ke aikawa, sai ruwan jiki ya ɓalle ta ko'ina. Za ki ga miyau na dalala, gumi, hawaye, zawo, baƙin ido ya tsuke ya zama ɗan ɗigo, ƙirji na kurari saboda ruwa ya taru a huhu. Numfashi ne ke yankewa. To yaron da ke kokawa da numfashi, in aka matse masa hanci aka yi masa ɗura, manjan da aman huhu suke faɗawa. Wani fiya-fiyan ma da kananzir ake haɗa shi, wanda ko ɗigonsa ya shiga huhu sai ya ƙona shi.

Abin yi shi ne a tuɓe masa kayan da maganin ya taɓa, a wanke fatarsa da ruwa da sabulu, a kwantar da shi a gefensa, a garzaya asibiti da gorar a hannu domin likita ya ga abin da ya sha. Makarinsa allura ce mai suna atirofin, ana maimaita ta har ƙirji ya washe. Ita ce dai aka yi wa mutanen da suka shaƙi iskar sarin a jirgin ƙarƙashin ƙasa na Tokiyo a 1995, domin sarin ma daga wannan dangi yake. Masu ƙulla fiya-fiya a gorar lemo kuwa, a ganina su ne farkon masu laifi.

Likita, gidanmu na kusa da matatar ruwan famfo. An ce in tukunyar sinadarinsu ta fashe za mu iya mutuwa a cikin barci. Gaskiya ne? Wani magidanci daga Jos.

Malam, a garinku ma abin ya faru. A watan Yulin 2015 tukunyar kulorin ta fashe a matatar ruwa ta Lamingo, mutum 8 suka rasu, aka kwantar da kimanin 100. Kulorin ya fi iskar da muke shaƙa nauyi, don haka ƙasa yake bi, yana taruwa a kwari da rami da kwalbati. In ka ji warin ruwan wanki irin na Hypo mai ƙarfi, ido na zafi, kowa na tari lokaci guda, ka kwashi iyali ku nufi tudu. Ka watsa ƙura sama ka ga inda iska ta nufa, ku ratsa ta gefe, kada ku bi bayanta. In fita ba ta yiwuwa, a rufe ƙofa da taga, a cusa jiƙaƙƙen zane a ƙasan ƙofa, mai bene ya hau sama.

Wanda iskar kulorin ta taɓa, a yanke rigarsa da almakashi, kada a zare ta ta kai, a zuba wa idonsa ruwa na minti 15. Ko ya ce ya warware a kai shi asibiti, huhu kan cika da ruwa bayan sa'o'i. Matan gida kuma su ji: haɗa Hypo da ruwan wanke masai mai asid wannan iskar yake fitarwa.

Ni ɗan adaidaita ne, kullum ina kan titi. In na tarar tanka ta faɗi ko wani abu ya fashe, me zan yi wa waɗanda suka jikkata? Daga Hadeja.

Ɗan'uwa, ka fara da kanka. A Majiya, cikin ƙaramar hukumar Taura, sama da mutum 150 wutar tanka ta ci a watan Oktoban 2024, da yawansu sun je kwasar mai ne. Tururin fetur yana rarrafe a ƙasa ya yi nisa, tartsatsin salansa kaɗai ya isa ya tashe shi. Ka kashe inji, ka ja da baya sosai, ka kira 112. In bam ne, kada ka ruga cikin taro, masu dasa shi sukan ajiye na biyu domin 'yan ceto da 'yan kallo.

In wuri ya lafa, jini za ka fara nema. Ka danna rauni da tsumma mai tsabta da dukkan ƙarfinka, kada ka riƙa ɗagawa kana leƙe. In hannu ne ko ƙafa kuma jini na tsartuwa ya ƙi tsayawa, ka ɗaure saman raunin da rawani ko ɗankwali, ka zura sanda ka murɗa har ya tsaya, ka riƙe lokacin a ka domin likita zai tambaya. Ƙarfen da ya cake a jiki a bar shi a wurin. Ƙuna kuwa ruwa take so, a yi ta kwarara mata na minti 20. Ban da ɗanyen ƙwai, ban da man goge baki, ban da baƙin mai.

Sana'ata sayen gwangwan. Wani ya ce akwai ƙarfen da ke kashe mutum ko bai taɓa shi ba. Daga Kano.

Bai yi maka ƙarya ba, Alhaji. A garin Goyaniya na ƙasar Birazil, a 1987, wasu 'yan jari-bola suka ɗauko injin gashin ciwon daji daga wani asibiti da aka yi watsi da shi, suka fasa shi. A ciki akwai wani gari mai walƙiya shuɗi, mai gidan gwangwan ya kai gida yana nuna wa dangi. Mutum 4 suka mutu, har da yarinya 'yar shekara 6, aka samu gubar a jikin kusan mutum 250. Tururin guba da irin wannan gari ke fitarwa, wato radiyeshan, ba ya wari, ba a ganinsa. Ka lura da alama mai kama da farfelar fanka mai fiffike uku a kan launin rawaya, ko ƙaramin ƙarfe mai nauyin da ya wuce girmansa. Kada a fasa, kada a sa a aljihu, a kori yara daga wurin, a sanar da 'yan sanda. Kayan da ke zuwa daga wuraren da aka yi yaƙi, irin su Borno da Yobe, duk mai siffar harsashi ko roka, ko ya yi tsatsa, guduma ɗaya na iya tashinsa.

Saniyarmu ta faɗi ta mutu farat ɗaya, baƙin jini na fita ta hanci da dubura. Za mu iya feɗe ta ko don fatar? Wani makiyayi daga Suleja.

A'a Baba, kada wuƙa ta taɓa ta. Wannan alamar ciwon saifa ce, kuma an tabbatar da ɓullarsa a wata gona a yankinku a watan Yulin 2023. In aka buɗe gawar, ƙwayar cutar kan yi ɓawo ta zauna a ƙasa shekaru aru-aru. A kira likitan dabbobi, a binne ta da zurfi nesa da rijiya, a yi wa sauran garken rigakafi. Duk wanda ya taɓa ta ya je asibiti, musamman in ya ga ƙurji marar zafi mai baƙin tsakiya a hannu ko wuya, ƙwayoyin kashe cuta na warkar da shi in an fara da wuri.